Tambayoyi da amsoshi kan tara tsofaffin tangaran da azurfar China na fitarwa waje

Tunda mutane suka san ina tara waɗannan kaya tambayoyi basa ƙarewa, wani ya turo min hoton gindin faranti yace Malam duba min, wani kuma ya gaji butar shayi ta azurfa bai san kanta ba. Shi ne nace bari in haɗa waɗanda aka fi yi min wuri ɗaya in amsa iya sanina.

Wai mene ne ma kayan fitarwa ɗin, ba duk tangaran ɗin China ɗaya bane?

Ba ɗaya bane sam. Akwai na fada, wanda aka yi wa sarki da gidansa, akwai na mutanen gari, sannan akwai wanda tun daga farko an yi shi ne don a loda a jirgin ruwa a kaiwa baƙi, Turawan Fotugal da Holan da Ingila da Suwidin, daga baya Amurkawa, ga kuma Larabawa da Farisawa da mutanen Indonesiya. Wannan na ukun shi nake tarawa. Kayan oda ne, mai saye shi ke faɗin abinda yake so, shi yasa zaka ga kofi mai hannu da kwanon miya mai murfi da tulun miyar nama irin na teburin Bature, abubuwan da mutumin China na lokacin baya amfani dasu a gidansa.

Ku riƙe wannan bambancin da kyau saboda kuɗinsu ba ɗaya ba. Ɗan ƙaramin kofin nan mai zanen kaji na zamanin sarki Chenghua da aka sayar a Hong Kong a 2014 kan kusan dala miliyan 36, na fada ne. Na fitarwa kuwa miliyoyin guda aka yi, don haka talaka ma zai iya mallakar farantin da ya shekara 250 na gaske.

A ina ake yinsu?

Mafi yawa a Jingdezhen, wani gari a lardin Jiangxi. Farar ƙasa ce da ake cewa kawolin ake haɗawa da wani dutse da aka daka ya zama gari, a gasa da wuta mai zafin kusan digiri 1300 har ya zama kamar gilas, in ka ƙwanƙwasa yayi ƙara kamar ƙararrawa. Wani limamin Kirista ɗan Faransa, d'Entrecolles, ya zauna a garin ya rubuta wasiƙu a 1712 da 1722, yace abu ɗaya kan bi ta hannun mutum kusan 70 kafin ya gama, wani layin baki kawai yake ja, wani duwatsu, wani tsuntsaye. In ka san haka zaka daina mamakin ganin faranti wanda tsakiyarsa anyi zane mai kyau amma gefensa an yi shi a gurguje.

Daga can a ɗauko ta ruwa, a bi tafkin Poyang da kogin Gan, 'yan dako su haura dashi ta mashigar dutsen Meiling, a sake sawa a kwalekwale har Canton, wato Guangzhou ɗin nan da 'yan kasuwarmu ke zuwa sari yau. Daga 1757 zuwa 1842 a nan kaɗai aka yarda Turawa suyi ciniki, a wani ɗan zirin bakin kogi mai ɗakunan ajiya goma sha uku. Wasu kayan ma farare ake kawo su, a Canton ake musu fenti a sake gasawa don oda ta fita da wuri. Akwai kuma na Dehua a Fujian, fari tas kamar madara, da manyan faranta masu kauri na Zhangzhou da ake kira Swatow.

Me yasa Turawa suka nace musu haka?

Don basu iya yi ba. Sai a 1708 aka gano sirrin a Jamus, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Kafin nan in kana son tangaran na gaske sai na gabas. A 1603 'yan Holan suka kama jirgin Fotugal mai suna Santa Catarina kusa da Singafo, aka yi gwanjon kayansa a Amsterdam, daga nan kasuwa ta buɗe. Sarkin Saxony, Augustus, a 1717 sojojin doki 600 ya bawa sarkin Prussia aka bashi tangaran 151. Mutane ɗari shida fa, a bakin tuluna.

Amma wani abu da ba kowa ya sani ba, ganyen shayi da siliki su ne ainihin ribar jiragen. Tangaran a ƙasan jirgi ake jera shi saboda nauyinsa yana daidaita jirgin, ruwa baya ɓata shi, bashi da wari da zai shiga shayi, sai a ɗora akwatunan shayin a kansa.

Ta yaya zan gane zamanin da aka yi abu?

Da sunan sarki ake lissafi, kuma dole ka haddace guda biyar ko shida kamar yadda ka haddace sarakunan garinku. Wanli 1573 zuwa 1620, lokacin tangaran ɗin da ake kira kraak, shuɗi da fari, siriri, an raba gefensa gida-gida, bakinsa sau da yawa ya ɗan ɓantare kamar asu ya ci, gindinsa da yashin murhu manne. Kangxi 1662 zuwa 1722, nan ne shuɗin ya kai maƙura wallahi, yana da haske da zurfi, zaka ga dutse ɗaya an masa shuɗi hawa uku huɗu, kuma masu launi na lokacin kore ne ya rinjaya. Yongzheng 1723 zuwa 1735 da Qianlong 1736 zuwa 1795, nan ruwan hoda ya shigo, kuma nan ne aka fi yin kayan oda masu ɗauke da tambarin gidajen Turawa. Bayan 1784 da jirgin Amurka na farko, Empress of China, ya iso Canton, kasuwa ta fara karkata Amurka, musamman da kamfanin Ingila na gabashin Indiya ya daina sayo tangaran a 1791. A ƙarni na 19 sai ga su Rose Medallion, masu kore da hoda da ruwan zinare ko'ina, gida ɗaya mutane gida ɗaya tsuntsaye da furanni.

Wannan a takarda kenan. Ido kuwa baya koyo sai ya gani, hannu sai ya ɗaga. Ni abinda ya fi taimakona ɓaraguzai ne, fasassun guntaye na gaske da ake sayarwa da araha, ka riƙe ka ga kalar ƙasar a ciki, ka shafa gindin ka ji santsinsa.

Na ga tambarin sarki a gindin nawa, haruffa shida, kenan na zamaninsa ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa kuma a nan mutane suka fi asarar kuɗi. A'a ɗan'uwa. Tambari shi ne abu na ƙarshe da ake dubawa, ba na farko ba.

Na ɗaya dai, yawancin kayan fitarwa na ƙarni na 18 basu da tambari kwata-kwata, gindin fari ne ko ma ba a shafa masa ƙyalli ba. Bature baya karanta rubutun China, me za a rubuta masa. Saboda haka in ka ga farantin oda irin na Turawa da jan tambarin Qianlong ɗauke a gindi kamar an buga da sitamfi, wannan ma dalilin zargi ne ba na murna ba. Na biyu, su kansu maginan China tun da can suna rubuta sunan sarkin da ya shuɗe don girmama aikin zamaninsa, kayan Kangxi da yawa sunan Chenghua ne a jikinsu, wanda yayi mulki 1465 zuwa 1487, tazarar shekara ɗari biyu kenan. Wasu na Kangxi kuma da'ira biyu ce kawai babu komai a ciki, ko ganye ɗaya, ko zomo. Sannan a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin sarki Guangxu, aka yi ta kwaikwayon Kangxi ana sa masa tambarin Kangxi mai haruffa huɗu. Waɗannan tsofaffi ne, sun haura shekara ɗari, suna da darajarsu, amma ba farashin Kangxi ba.

Nima ta taɓa cina a farkon farawa. Wani dillali ya nuna min tulu mai tambarin Qianlong, na ɗauki wayata na gwada haruffan da na intanet suka yi daidai tsaf, na biya. Da na kaiwa wani dattijo da ya daɗe a harkar ko juya gindin baiyi ba, ɗagawa kawai yayi ya ji nauyin, ya kalli shuɗin a hasken rana yace wannan bai kai shekara arba'in ba. Ya nuna min yadda zanen yake a sandare, babu inda burushi ya yi gudu ko ya tsaya, da dauɗar gindin da aka shafa ta daidai ko'ina. Abun ya min ciwo sosai, har yau tulun na nan, dashi nake nunawa masu farawa abinda zasu guda.

In an rubuta CHINA da harafin boko fa?

Wannan kam yana taimakawa. Dokar harajin McKinley ta Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta ƙasar da kaya suka fito, don haka CHINA kaɗai yana nuna daga 1891 zuwa sama, Made in China kuma galibi daga wajen 1920. Rashin rubutun dai baya tabbatar da abu ya girmi 1891.

Akwai waɗanda aka yi wa Musulmi?

Akwai, kuma gaskiya su ne suka fi kwanta min a rai duk cikin harkar nan. Tun kafin Bature ya san hanyar China Musulmi ke sayen tangaran. Jirgin Larabawa da aka gano a 1998 kusa da tsibirin Belitung na Indonesiya na ƙarni na 9 ne, ɗauke da kayan China kusan 60,000, yanzu suna gidan tarihi a Singafo. Fadar Topkapi a Istanbul tana da tangaran ɗin China fiye da 10,000, Shah Abbas na Farisa kuma a 1611 ya yi waƙafin fiye da dubu ga hubbaren Ardabil. Manyan farantan nan masu faɗi ai don mutanen da ke zama su ci tare a akushi ɗaya aka yi su, irin cin abincinmu, shi mutumin China ƙaramin kwano yake riƙewa a hannu.

A zamanin sarki Zhengde, 1506 zuwa 1521, an yi tangaran masu rubutun Larabci da Farisanci. Farantan Swatow da aka kai Aceh ta Indonesiya da sauran tsibiran can wasu da kalmar shahada da ayoyi. Sannan a ƙarshen ƙarni na 18 akwai kwanoni da faranta da aka zagaye da layukan ayoyi da addu'o'i, a tsakiya ga hatimi mai gida-gida da lambobi, duk wanda ya taɓa ganin allon malami yana rubutun sha zai gane shi nan take. Ranar da na fara riƙe ɗaya sai da tsigar jikina ta tashi. In ka ƙura ido zaka ga rubutun wani wuri ya karkace, harafi ya haɗe da wanda bai kamata ba, saboda mai zanen baya jin Larabci, kwaikwayon siffa kawai yake daga takardar da aka bashi. A nan mu muna da wata dama da Bature mai tarawa bashi da ita, muna iya karantawa mu ga inda aka yi daidai da inda aka kauce. In Allah ya baka irin wannan don Allah a ajiye shi a sama, ba na cin abinci bane.

A Afirka ma sun iso, ta gabas. A gaɓar Suwahili, su Kilwa da Gedi da Mambrui, kwanonin China aka riƙa mannawa a jikin kaburbura masu ginshiƙi da bangon masallatai, a tsohuwar tashar Aidhab ta bakin Bahar Maliya ma an tono guntayensu.

Kayan jirgin da ya nutse fa, na gaske ne?

Na gaske ne in takardunsa sun inganta, kuma hanya ce mai kyau ga mai farawa tunda an san shekarar da jirgin ya nutse. Geldermalsen na kamfanin Holan ya nutse a 1752, aka tsamo kayansa a 1985, gidan gwanjon Christie's suka yi gwanjon fiye da guda 150,000 a Amsterdam a 1986 da sunan Nanking Cargo. Tek Sing ya nutse a 1822 da mutane fiye da dubu a ciki, an tsamo tangaran kusan 350,000 aka sayar a Stuttgart a 2000. Akwai na Vung Tau da na Ca Mau daga ruwan Biyetnam.

Gishirin teku yana cinye ƙyallin, zaka ji su da ɗan kaushi, fentin saman kuma sau da yawa ya goge sai inuwarsa. Ku kula, 'yar takardar gwanjon da ke manne a gindi ita ma ana buga ta jabu, har ƙwanson teku ake mannawa da gam. Masana tarihi da yawa kuma basa jin daɗin yadda aka kwashe wasu jiragen a gaggauce don sayarwa ba tare da an yi nazarinsu ba, ni ina ganin suna da gaskiya, musamman Tek Sing da yake kabarin mutane ne.

To ita azurfar, mece ce labarinta?

Ita ce ƙanwar tangaran a wannan ciniki, ta fi ƙarfi daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa wajen 1940. A lokacin azurfa ce babban abinda China ke so a hannun Turawa, don haka dalolin Sifaniya da aka haƙo a Meziko da Potosi ta Kudancin Amurka suka yi ta kwarara Canton. Maƙeran farin Canton sai suka ga ai kyaftin ɗin jirgi zai zauna wata da watanni yana jiran iska, ga aikin hannu da araha, ya kawo cokali ko butar shayi daga Landan a yi masa irinta sak. Na farkon nan in ba ka sani ba zaka rantse a Ingila aka yi su, har nauyi sukan fi na Ingilan. Shekaru da yawa ana ɗaukarsu na Ingila ko na Amurka, sai da littafin Forbes da Kernan da Wilkins ya fito a 1975 sannan aka fara ware su da sunansu.

Bayan yarjejeniyar Nanking ta 1842, wadda ta kawo ƙarshen taƙaita ciniki a Canton, aiki ya bazu zuwa Hong Kong da Shanghai, ado kuma ya koma na China ƙarara, dodon nan mai kama da maciji ya naɗe jikin kofi ya zama hannunsa, gora, furen kirisantimam, mutane a lambu, duk an bugo su daga ciki sun taso. Akwai kuma aikin zaren azurfa, siririyar waya da ake murɗawa a saƙa akwati ko gidan ajiye katin suna da ita, in ka ga mai kyau sai ka rasa yadda ɗan adam yayi da hannu.

Yaya ake karanta tambarin azurfar?

A wancan lokacin China bata da ofishin gwajin azurfa irin na Ingila, babu hukumar da ta tilasta komai. Na farko-farkon sai suka riƙa kwaikwayon tambarin Landan, zaki mai tafiya, kan damisa, kan sarki, da wani harafi, amma harafin baya nufin shekara kamar na Ingila, kuma in ka sa gilashin ƙara girma zakin wani lokaci yafi kama da kare. Kusa dasu sai haruffan mai shago, CUT na Cutshing, KHC na Khecheong, SS na Sunshing.

Na baya kuma yawanci abu uku zaka gani. Haruffan boko kamar WH na Wang Hing da ke Queen's Road a Hong Kong, ko sunan Luen Wo ko Tuck Chang ko Zee Wo na Shanghai. Sai lamba 90, wato suna cewa kashi 90 azurfa ce, kusan daidai da dalar Sifaniyan da ake narkarwa. Sai ɗan harafin China guda ɗaya ko biyu. Abinda nake so a fahimta, WH ɗin nan mai shago ne ba maƙeri ba, harafin Chinan shi ne na maƙerar da ta yi aikin, shi yasa zaka ga kaya biyu duk WH amma ɗaya yafi ɗaya kyau nesa ba kusa ba, kuma maƙera ɗaya tana iya yiwa shaguna uku aiki. Ni yanzu harafin maƙerin nake fara nema kafin sunan shagon.

Ya zan tabbatar azurfa ce ba ruwan azurfa ba?

Maganaɗisu baya kama azurfa, amma baya kama tagulla ma, don haka wannan gwajin rabi ne. Duba wuraren da hannu ke yawan taɓawa, in ja ko rawaya na leƙowa to ruwa aka yi masa. Akwai wani farin ƙarfe na China, paktong, haɗin tagulla da nikel da zinki, yana ruɗar mutane sosai. Mafi inganci ka kai wurin masu sayen zinare da ke da na'urar gwaji wadda bata taɓa jikin kaya. Kar ka bari a kankare ko a ɗiga masa asid a fili. Kuma don girman Allah kar a sayar wa mai narkarwa a kan sikeli, na san butar da aka narkar aka yi awarwaro da ita, aikin da ba za a sake yin irinsa ba.

Wane irin jabu ne ya fi yawa?

A tangaran, sabon aiki da aka tsufar da shi, a jiƙa a shayi, a shafa ƙasa da man takalmi a gindi, a kashe ƙyallin da asid. Tsufa na gaske baya zuwa daidai, inda ake ajiyewa da inda cokali ke gogawa nan ke cinyewa, ƙarcen kuma ta ko'ina yake fuskanta ba layi ɗaya ba. Sa auduga da ɗan ruwa ka goga gindin, in dauɗar ta fita da sauƙi ta bar fari ƙal to ka san sauran. Akwai kuma na kamfanin Samson na Paris da aka kafa a 1845, sun kwaikwayi masu tambarin gidaje sosai, su ma yanzu tsofaffi ne amma ba na China bane. A azurfa kuma sabon zubi ne, adon a dagule babu kaifi, in ka leƙa ciki babu alamar bugun guduma a bayan adon, tambarin ma tare da jikin aka zuba shi ba buga shi aka yi ba.

In farashi yayi daɗi fiye da hankali ka tuna araha bata ado.

Mai tsagewa ko wanda aka gyara yana da amfani?

Yana da, farashinsa ne dai ke faɗuwa sosai. Ɗora shi a tafin hannu ka ɗan ƙwanƙwasa da farce, lafiyayye zai yi ƙara mai tsawo, mai tsagewa zai ce ƙwaf. Fitilar nan da ake duba kuɗin jabu da ita, kashe wuta ka haska, gyaran zamani yakan fito da wani launi daban. Ni kam ina son masu tsohon ɗinki, waɗanda aka huda aka ɗaure da ƙananan ƙusoshin ƙarfe kamar yadda ake ɗinke ƙwarya, yana nuna wani ya so abun har ya ƙi yar dashi. Sharaɗi kawai mai sayarwa ya faɗa maka kafin ka biya.

Yaya zan wanke su?

Ruwa mai ɗumi, sabulu mara ƙarfi, a roba ba a kan siminti ba, ka shimfiɗa tawul a ƙasa. Banda bilic, yana shiga tsagewa ya ci daga ciki. Mai ruwan zinare ko wanda aka gyara kar a jiƙa shi. Azurfa kuma tsumma mai laushi da man goge azurfa kaɗan, banda toka, banda soson ƙarfe, banda man goge baki. Baƙin da ya kwanta a lungunan adon shi ke fito da zanen, garin neman gira kar a rasa ido. Lokacin hunturu ƙura tana yin aikin yashi, a hure ta ko a share da burushi mai laushi kafin a goga.

Ina zuwa Guangzhou sari, in sayo a can mana tunda can ne tushen?

Kar ka fara. Tun 2007 dokar China ta hana fitar da duk abin tarihi da aka yi kafin 1911, kwastan ɗinsu basa wasa. Kenan abinda ke kasuwar in na gaske ne bazaka fita dashi ba, in kuma ya fita lafiya to ka san me ka saya. Kuma ai kayan fitarwa ne, suna inda aka kai su, Ingila, Holan, Suwidin, Fotugal, Faransa, Amurka, yanzu ma 'yan China ne ke zuwa gwanjon Turai suna sayensu suna mayarwa gida. Abinda zaka yi a Guangzhou shi ne ka ware rabin yini ka shiga gidan tarihin lardin Guangdong ka cika idonka. Wanda ke Landan ya je gidan tarihin V&A, na Amurka kuma gidan tarihin Peabody Essex a garin Salem.

An ce min butar azurfa mai hauren giwa tana da matsala?

Eh. Waɗansu butocin suna da 'yan zobban haure a hannu don kar zafi ya kai ga yatsu. Yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta takura ketare iyaka da haure, a Birtaniya kuma tun 2022 sai abun ya girmi 1947, hauren bai kai kashi 10 ba, kuma an yi masa rajista kafin a sayar. Tambayi gidan gwanjon tun kafin ka sa farashi ko zasu iya turo maka.

Da me zan fara, kuma akwai riba?

Zaɓi abu ɗaya ka tsaya a kansa shekara guda. Ni shawarata farantin shuɗi da fari na zamanin Qianlong, ko ƙaramin kofin shayi da ɗan farantinsa, suna da yawa, basu da tsada, masu jabu basu cika wahalar da kansu a kansu ba. A azurfa kuma cokula, ko zoben adiko, ko 'yar tukunyar gishiri mai tambarin WH 90. A gwanjo ka lissafa ladan gidan, yakan kai kashi 25 ko fiye a kan farashin da aka buga, ga kuɗin shiryawa da jirgi da inshora da kwastan, ga canjin naira ko sefa, wani lokaci kuɗin kawowa yafi kuɗin farantin. Nemi hoton gindi da na baki da wanda aka haska da tocila ta baya, kuma a rubuta maka yanayin kayan a rubuce.

Riba kuwa, azurfa mai kyau ta tashi sosai tunda masu saye daga China suka shigo, tangaran na yau da kullum kuma ya daɗe a wuri ɗaya, wasu ma sun sauka. Kar ka sa jarin shagonka ko kuɗin makarantar yara. Buɗe littafi tun ranar farko, kowane abu ka rubuta ranar saye, wurin wa, nawa, faɗinsa da nauyinsa, duk wata tsagewa, ka manna hoto da rasit. Ka kuma nunawa iyalinka littafin da inda yake, su san wanne ne na Kangxi wanne ne na jiya.